Malamin Fiziks da fasahar AI: Sauƙin da ta kawo wa makarantun Tarauni da tarkon da ke cikinta

Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi ba zai rasa ganin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba. Likitocin da ke zirga-zirga a cikinsa, da masu ɗaukar hoton ƙashi, da injiniyoyin da ke kula da na'urorinsa, kusan dukkansu sai da suka bi ta ƙofa guda kafin su kai inda suke: darasin Fiziks na babbar sakandare.

Ɗalibin da ke son karatun likita sai ya rubuta Fiziks a jarrabawar JAMB, tare da Turanci da Kemistiri da Bayoloji. Mai son aikin injiniya ma haka, sai dai shi Lissafi zai haɗa a madadin Bayoloji. Shi ya sa iyaye a Gyaɗi-Gyaɗi da Daurawa da Darmanawa da Unguwa Uku da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni ke sa ido sosai a kan wanda ke koya wa 'ya'yansu wannan darasi.

Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, yanzu malamin ya samu mataimaki a aljihunsa. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamban 2022, sannan kamfanin Meta ya saka Meta AI cikin WhatsApp ga masu amfani da shi a Najeriya a watan Afrilun 2024, malamin da ke da wayar zamani, ko da ta hannu ce da ya saya a kasuwar waya ta Farm Centre, yana iya neman a rubuta masa shirin darasi, da tambayoyin gwaji, da amsoshinsu, cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Wannan sauƙi ne babba. Amma a darasi irin Fiziks, inda kuskuren lamba ɗaya ke rushe amsa gaba ɗaya, akwai abin dubawa kafin a kai takardar gaban allo.

Aikin da ke cinye daren malami

Aikin malamin Fiziks ba a aji yake ƙarewa ba. Kafin ya shiga aji sai ya rubuta shirin darasi da shugaban makaranta ko shugaban sashe zai sa wa hannu, bisa manhajar da Hukumar NERDC ta tsara. Sai ya fitar da misalai da zai warware a allo, ya tsara aikin gida, ya shirya gwajin tsakiyar zango da jarrabawar ƙarshe, sannan ya rubuta yadda zai raba maki a kowace tambaya. Idan yana riƙe da aji uku, daga SS1 zuwa SS3, aikin ya ninka. Wasu kuma bayan an tashi suna da darasin yamma a wata makarantar don cike giɓin albashi.

A nan ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fi nuna amfaninsu. Malami na iya neman tambayoyi 20 a kan dokar Ohm, daga masu sauƙi zuwa masu wuya. Yana iya neman a sake rubuta wani bayani mai sarƙaƙiya da Turanci mai sauƙi don ɗaliban da harshen ke ba su wahala. Yana iya neman tambaya ɗaya a fuskoki huɗu da lambobi daban-daban, ta yadda waɗanda ke zaune a benci ɗaya ba za su kwafi na juna ba.

Akwai bincike da ya auna wannan sauƙi. A watan Disamban 2024, gidauniyar Education Endowment Foundation ta Ingila ta fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi da malaman kimiyya 259 a makarantu 68. Waɗanda suka yi amfani da ChatGPT wajen shirya darasi sun kashe kimanin minti 56 a mako, sauran kuma kimanin minti 81. Wato an rage kusan kashi 31 cikin 100 na lokacin. Ƙwararrun da aka ba samfurin darussan su duba, ba tare da an gaya musu wanne ne na wa ba, ba su ga bambanci a inganci ba.

Sai dai malaman da aka yi gwajin da su ƙananan azuzuwan sakandare suke koyarwa, kuma an ba su jagorar yadda za su yi amfani da manhajar. Darasin ɗan SS3 da ke shirin WAEC ya fi wannan zurfi.

A nan gida ma an yi wani gwajin. A watannin Yuni da Yulin 2024, Bankin Duniya ya gudanar da shiri na mako shida a Benin ta Jihar Edo, inda ɗaliban SS1 suka riƙa amfani da manhajar Copilot ta kamfanin Microsoft bayan tashi daga makaranta. Ɗaliban da suka shiga shirin sun fi takwarorinsu ƙoƙari a gwajin da aka yi. Amma Turanci aka koyar, ba Fiziks ba, kuma malamai na tsaye a kan ɗaliban suna yi musu jagora tare da ankarar da su idan manhajar ta kauce.

Kuskure cikin kyakkyawan lafazi

Waɗannan manhajoji an horar da su ne da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Shi ya sa rubutunsu ke fita sumul. Amma daɗin rubutu daban, ingancin amsa daban. Manhajar kan faɗi daidai da kuskure da murya iri ɗaya, ba tare da wata alamar shakka ba.

Masana koyar da Fiziks sun gwada hakan tun da wuri. A 2023, Gerd Kortemeyer na jami'ar ETH da ke Zurich ya ba ChatGPT aikin gida da jarrabawar darasin Fiziks na shekarar farko a jami'a. Abin da ya samu shi ne manhajar za ta haye da ƙyar, kuma tana yin irin kura-kuran da sabon ɗalibi ke yi.

A shekarar dai, wasu masu bincike biyu a ƙasar Suwidin, Bor Gregorcic da Ann-Marie Pendrill, suka yi wa manhajar wata tambaya da kowane malamin SS1 ya sani: idan aka jefa abin wasan yara sama, mene ne yanayin sauyin gudunsa a lokacin da ya kai ƙololuwa? Manhajar ta riƙa ba da amsoshi masu cin karo da juna, cikin Turanci mai kyau.

Amsar kuwa ita ce, a ƙololuwa gudun abin ya zama sifili na ɗan lokaci, amma jan da ƙasa ke yi masa bai tsaya ba, don haka sauyin gudunsa yana nan yadda yake, yana fuskantar ƙasa. Da jan ya tsaya, da abin ya maƙale a sama. Wannan na daga cikin wuraren da ɗalibai suka fi ruɗewa, kuma malamin da ya kwafi bayanin da bai daidaita ba zai ƙara dasa ruɗanin ne a zukatan aji guda.

Manhajojin da suka fito daga baya sun fi na 2023 ƙwarewa a lissafi nesa ba kusa ba. Duk da haka, kamfanonin da ke yin su har yanzu suna rubuta gargaɗi a ƙasan shafi cewa manhajar na iya yin kuskure. Zane kuma ya fi zama matsala. Hoton da aka sa manhaja ta zana na yadda haske ke ratsa gilashin lens, ko na yadda aka haɗa wayoyin lantarki, kan fito da kyan gani amma da layin da ya bi inda bai kamata ba, ko na'urar awo da aka ɗaura a gurbin da ba nata ba.

Amsa daidai, amma ba ta WAEC ba

Wani lokacin manhajar ba ta yi kuskure ba, sai dai ba ta san ajin da ake magana a kai ba. Yawancin rubutun da aka horar da ita da shi daga Amurka da Turai ya fito, kuma can take karkata idan ba a ja mata linzami ba.

A ɗauki dutsen da aka jefa sama da gudun mita 20 a daƙiƙa. A tambayoyin WAEC da NECO, an saba ɗaukar ƙarfin jan ƙasa a matsayin 10, sai amsar ta zama dutsen zai kai tsayin mita 20 cikin daƙiƙa biyu. Manhajar kuwa ta fi son 9.8, wanda zai ba da kimanin mita 20.4. Duka biyun suna da hujja. Amma idan malami ya ɗauko tambaya daga tsohuwar takardar jarrabawa, ya ɗauko amsa daga manhaja, ɗalibi zai nemi amsarsa cikin zaɓi huɗu ya rasa.

Haka abin yake a lantarki. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya kuwa tana tsakanin 220 da 240. Dutsen guga mai wat 1,200 zai ja amfiya 10 a wutar Amurka, amma amfiya 5 kacal a bolt 240. Ɗalibin Tarauni da aka koya wa zaɓen fiyus da lissafin Amurka, an ba shi ilimin da bai dace da soket ɗin ɗakinsu ba.

Maganin wannan yana hannun malami. Idan ya fayyace wa manhajar cewa ɗaliban SS2 ne a Najeriya, masu shirin WAEC, a yi amfani da mita da kilogiram, a ɗauki jan ƙasa a matsayin 10, abin da zai samu ya fi kusa da buƙatarsa. Zai ma iya neman misalai daga rayuwar unguwa. A Daidaita Sahu da ke tafe a titin Court Road da gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a daƙiƙa, idan direba ya taka birki ya tsaya cikin daƙiƙa biyar, ya ci mita 25 kafin ya tsaya. Injin da ya tura lita 1,000 ta ruwa zuwa tankin da ke tsayin mita shida cikin minti goma ya yi aikin jul 60,000, da ƙarfin wat 100. Irin waɗannan tambayoyi sun fi zama a kan ɗalibi fiye da na wasan ƙanƙara da bai taɓa gani ba.

Inda Hausa ke buƙatar malami

A hukumance da Turanci ake koyar da Fiziks, da shi kuma ake jarrabawa. Amma a azuzuwan Kano, idan bayani ya cije, malami kan juya zuwa Hausa don ɗalibai su gane. Wannan ya sa wasu ke neman manhaja ta fassara musu bayanin.

A nan akwai wani tarko. Fiziks ya ginu ne a kan rarrabe abubuwan da maganar yau da kullum ke haɗewa. Kalmomin mass da weight abubuwa biyu ne daban, ana auna na farko da kilogiram, na biyu da niyuton, amma fassarar kai-tsaye kan mayar da su duka “nauyi”. Heat da temperature kan koma “zafi”. Speed da velocity kan koma “gudu”. Force da power da energy kuwa duk kan taru a “ƙarfi”. Jimlar da aka rubuta don nuna bambancin biyu daga cikinsu, idan ta bi ta injin fassara, tana iya fitowa tana cewa nauyi ba nauyi ba ne.

Gogaggen malami ya san yadda zai kewaye wannan. Zai ce buhun masara da aka kai duniyar wata, masarar da ke cikinsa ba ta ragu ba, amma ɗaukarsa ta yi sauƙi saboda jan da ake yi masa a can bai kai na nan ba. Zai ce tafasasshen ruwa a kofi da tafasasshen ruwa a tukunya awon zafinsu ɗaya ne, amma na tukunya ya tara zafi mai yawa, shi ya sa ya fi daɗewa bai huce ba.

Ana aiki don inganta Hausa a waɗannan na'urori. Google Translate ya fara Hausa tun 2013. Masu bincike na ƙungiyar HausaNLP, waɗanda wasunsu ke da alaƙa da Jami'ar Bayero, suna tattara rubutun Hausa don horar da manhajoji. A watan Satumban 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar da aka gina don Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya. Amma daidaita kalmomin kimiyya aiki ne na malamai da masana harshe, na'ura sai dai ta bi abin da suka tsayar.

Abin da waya ba za ta yi ba

Jarrabawar Fiziks ta WAEC takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi, maki 50. Ta biyu ta rubutu ce, maki 60. Ta uku ita ce ta gwaji da hannu, inda ake ba da tambayoyi uku ɗalibi ya amsa biyu cikin awa biyu da minti 45, maki 50.

A wannan takarda ta uku, ɗalibi zai haɗa kayan aiki da kansa, ya yi awo, ya cika jadawali, ya zana giraf, ya fitar da gangarensa, sannan ya faɗi matakan da ya ɗauka don kauce wa kuskure. Rahotannin manyan masu duba jarrabawar WAEC sun sha nuna wuraren da ɗalibai ke zubar da maki: mantawa da rubuta ma'aunin awo, zaɓen sikelin da bai dace ba, da rashin daidaita adadin lambobin da ke bayan ɗigo.

Manhaja za ta iya rubuta matakan gwajin tsaf, har ta ƙirƙiro jadawalin sakamako mai kyan gani. Amma ba za ta koya wa hannu yadda ake ɗaura amita ba, ko ido yadda ake karanta rula daga saitinta. Ɗalibin da ya haddace jadawalin da na'ura ta ƙirƙira, ranar jarrabawa ce zai fara taɓa kayan aikin, kuma a ranar ne zai gane cewa awo na gaske ba ya fitowa sumul.

Kano ta daɗe da sanin haka. Lokacin da jihar ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ɗakunan gwaje-gwaje da ƙwararrun malamai aka sa a gaba, kuma daga waɗannan makarantu ne likitoci da injiniyoyi da dama na jihar suka fito. Dokar ta-ɓaci da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a fannin ilimi a watan Yunin 2024 ta sake jawo hankali ga yanayin azuzuwa da kayan aiki da yawan malamai.

Ko a makarantar da ba ta da cikakken ɗakin gwaji, akwai abin da za a iya yi. Zare mai tsayin mita ɗaya da ɗan ƙarfe a ɗaure a bakinsa ya isa gwajin lilo. Zuwa da dawowa sau 20 zai ɗauki kusan daƙiƙa 40, kuma da agogon waya ɗalibai za su iya fitar da ƙarfin jan ƙasa da kansu. Akwai kuma manhajar PhET ta Jami'ar Colorado da ke Amurka, wadda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a Fiziks, ya assasa a 2002. Kyauta ce, masana ne suka gina ta, kuma ana iya sauke gwaje-gwajenta a yi amfani da su ba tare da intanet ba. Wannan na da muhimmanci a lokacin da kuɗin data ya tashi, bayan Hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Gani ya kori ji, ko da a allon kwamfuta ne, amma taɓawa da hannu ta fi duka.

Wa zai duba aikin?

Haɗarin ya fi yawa a inda aka fi buƙatar taimakon. Ba sabon abu ba ne a ga makaranta, musamman ƙananan makarantu masu zaman kansu, ta damƙa Fiziks ga wanda ya karanta Lissafi ko Kemistiri, ko ga ɗan yi wa ƙasa hidima da aka turo. Irin wannan malami shi ne zai fi dogara da manhaja, kuma shi ne zai fi wahalar gane inda ta kauce. Wanda ya ƙware kuwa, kallo ɗaya zai yi wa amsa ya ce akwai matsala, domin ya san ƙwan fitila ba ya jan amfiya 50.

Saboda haka ƙa'idar farko mai sauƙi ce: kada malami ya kai wa ɗalibai tambayar da bai warware da hannunsa ba. Ta biyu, ya gwada bayanin da littafin da makarantar ta amince da shi, irin su New School Physics na Anyakoha, da manhajar WAEC da tsoffin takardunta. Ta uku, zane ya fito daga littafi ko daga hannun malami. Ta huɗu, kada a zuba sunayen ɗalibai da makinsu cikin manhajar wani kamfani, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kiyaye su.

Shugabannin makarantu ma suna da rawar takawa. Sa hannu a shirin darasi don kawai ya fito a tsare ba zai wadatar ba yanzu, tunda na'ura na iya tsara shi cikin minti ɗaya. Abin tambaya shi ne ko malamin zai iya tsayawa gaban allo ya warware misalan da ke ciki ba tare da duba waya ba.

Makarantun da ke kusa da juna a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni za su iya haɗa malamansu na Fiziks a zaure ɗaya na WhatsApp, inda za a riƙa tace tambayoyi kafin a raba, ƙwararre ya duba na sabon shiga. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya, STAN, wadda ta daɗe tana shirya wa malamai bita, da sassan horar da malamai na Jami'ar Bayero da Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, su ne wuraren da ya dace a koya wa malamai yadda ake tambayar manhaja da yadda ake kama kuskurenta. Hukumar UNESCO ma, a jagorar da ta fitar a watan Satumban 2023, ta jaddada cewa a horar da malamai kuma a bar hukunci a hannun ɗan Adam.

Wasu malaman a ƙasashen waje sun mayar da raunin manhajar abin koyarwa: sukan kawo amsar da ta bayar, su raba wa ɗalibai, su ce a nemo inda ta yi kuskure. Ɗalibin da ya iya kama kuskuren na'ura a kan dutsen da aka jefa sama ya fahimci darasin fiye da wanda ya kwafe shi daga allo. Malamin da ke Tarauni zai iya yin haka gobe da safe, da waya ɗaya da alli.

Su kuma iyaye, idan sun je karɓar sakamakon zango, akwai tambayoyi biyu da suka cancanci a yi wa makaranta: wane ne ke duba tambayoyin da ake ba yara kafin su iso gare su, kuma sau nawa yaran suka shiga ɗakin gwaji a wannan zangon?